Hular da Na Jefa ta Taga

A shekarar da katafila ta shiga lungunmu, aka rushe gidaje don a ƙara wa Harami fili, a shekarar ce na fara sanin bas. Kafin nan ba abin da ya haɗa ni da mota a cikin Madina. Masallaci kusa, kasuwa kusa, ladan kamar a ƙofar ɗakina yake kira. Da aka tashe mu, na kwashi iyalina muka koma Ranuna, can wajen Ƙuba. Aiki kuma na samu a wata gonar dabino a Awali: ban ruwa, hawan bishiya, sare busasshen ganye, sauke dabino idan ya nuna.

A hajjin shekarar wani mutumin garinmu ya zo mini da saƙon Yaya. Yaya ita ce babbarmu, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Rabona da ita tun ranar da na biyo mahaifinmu hanyar gabas da ƙafa, ina saurayi, ita tana ɗakinta. Mahaifinmu a nan ya cika. Abin da ya rage tsakanina da ita takarda ce sau ɗaya a shekara, ta hannun alhazai, domin ƙauyenmu ba gidan waya. Ni kuwa ban iya rubutu ba. Ɗaliban jami'a 'yan ƙasarmu nake tarewa bayan Juma'a, ina faɗa suna rubutawa.

Mutumin ya ce, "Ta ce in gaya maka idonta ya fara yana. Takardunka duk suna nan a cikin kwalla, amma ta lura kowace da irin hannunta. Ta ce ita ba karatu take ba, naka hannun kawai take so ta gani a takarda, ko layi ɗaya ne, tun tana gani."

Na yi dariya a gabansa, na ce Yaya ba ta sauya hali ba. Amma maganar ta hana ni sakat. Ina kan bishiya ina jin ta, ina ban ruwa ina jin ta. Ba a yi mako biyu ba na kai sunana makarantar manya. A wata makarantar yara ake yi, kusa da Anbariyya, bayan sallar magariba. Na haura arba'in a lokacin, gwiwata ba ta shiga ƙarƙashin teburin.

Karatun bai ba ni wuya kamar hanyar ba.

A Awali babu bas. Masu gonaki da motocinsu suke zuwa, mu ma'aikata da ƙafa. Idan na yi la'asar sai in watsa ruwa a bakin injin ban ruwa, in sa farar riga, in bi tsakanin katangun gonaki har in ɓullo titin Ƙuba. A nan ake yin ta. Duk wanda yake kudancin gari so yake magariba ta same shi a Harami: leburori, masu shaguna, tsofaffi da sandunansu, mata da yara, ga baƙin da suka zo ziyarar masallacin Ƙuba za su koma masauki. Motocin ƙanana ne, kuma da mutane suke isowa. Ba sa tsayawa sosai, rage gudu kawai suke yi, kamar mutumin da yake sauri amma yana jin kunyar wucewa bai gaisa ba. Kafin ka ɗaga ƙafa mutum ashirin sun toshe ƙofa ɗaya.

Ni mutum ne mai jira. Aikin dabino haka yake koya wa mutum. Sai in ja baya, in ce wannan tsoho ne, wannan mace ce, wannan baƙon Manzo ne. Mota ta wuce, wata ta wuce, wata ta wuce. Ina tsaye ina sauya ƙafa, ina duban rana tana yin ƙasa ta bayan dabinai. Sau da yawa a gefen titi na yi magariba. In isa aji an yi nisa, malaminmu, wani matashi Balarabe mai kirki, ya dubi agogonsa ya dube ni, ya ce, "Ya ammi," wato baffa, "mun wuce wurin." Akwai haruffan da har yau nake jin kamar baƙi ne a hannuna, domin ranar da aka koyar da su ina bakin titi.

Wanda ya fitar da ni wani Badamagare ne, mai guga a wani shago a Anbariyya. Gajere ne siriri, shiga taro yake kamar allura. Kullum a wuri ɗaya muke jira. Da ya ji Hausata ya gane mutumin ƙasar Kano ne, shi ke nan na shiga uku.

"Kai Bakano, bawana! Kwana nawa ina ganin ka a nan kamar an dasa ka? Ko gwamnati ce ta ɗauke ka gadin titi?"

Na ce, "Ubangidanka dai. Ina jira a rage ne."

"A rage? Sai ranar tashin ƙiyama. Zo in gaya maka. Motar nan ba da ƙafa ake shigar ta ba, da hula ake shiga."

Ya nuna mini. Idan bas ya rage gudu, akwai masu sauka, kujerunsu suna zama babu kowa na ɗan lokaci. Ba ƙofa za ka nufa ba. Taga za ka bi, ka hango kujera, ka cire hularka ka jefa a kai. 'Yan gari duk sun san wannan, ba mai zama a kan hular mutum. Na ciki ma har taya ka suke yi, suna cewa a ba mai hula hanya. Ya ce, "Kuma amfaninta biyu. Wanda ya jefa hula dole ya shiga, ko zai bar fatarsa a ƙofa. Wa zai koma wa matarsa da kai tsirara?"

Ranar farko kunya ta hana ni. Ta biyu na jefa, ta faɗa kan cinyar wani mahauci ɗan Yaman, ya zage ni tas. Ta uku na dace. Kafin wata guda hannuna ya ƙware, har ba na tunani, ina ganin taga hula ta tafi.

Ba kullum ake samun kujera ba. Wata rana a tsaye nake zuwa gari da ƙafa ɗaya, ɗayar tana neman ƙasa. Gwiwar hannun wani a haƙarƙarina, kwandon na'ana'a a hancina, gumin mutum huɗu a rigata. Direban da muka fi samu ɗan mutanenmu ne haifaffen Madina, yana jin Hausa sarai amma ba ya mayarwa sai da Larabci. Kalmarsa ɗaya, "Juwwa, juwwa!" wato a matsa ciki, alhali cikin ba wurin da za a ajiye tsinke. Badamagare yakan ɗaga murya daga baya ya ce, "Kai yaro, kakanka da ƙafa ya zo ƙasar nan, bai taɓa cusa mutane kamar buhun gawayi ba!" Direba ya dube shi ta madubi ya yi murmushi, ya ƙara cewa juwwa.

A cikin wannan matsi na yi rabin karatuna. Ina zana haruffa da yatsa a tafin hannuna, wani lokaci a bayan wanda yake gabana har ya waigo. Ina leƙen allunan shaguna ta ƙarƙashin hammatar mutane, in kama harafin farko da na biyu, kafin na uku mota ta wuce. Idan muka zo tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Anbariyya, inda jirage suke tsaye suna tsatsa tun kafin a haife mu, Badamagare ba ya fashi. Sai ya zungure ni ya ce, "Gai da ɗan'uwanka. Shi ma jira yake a ba shi hanya."

Da hajji ya sake matsowa na fara takardar Yaya. Da haruffan da na koya na rubuta Hausa, yadda malamin ƙauyenmu zai iya karanta mata. Layi bakwai ne kacal. Gaisuwa, lafiyarmu, sunayen yara, sannan na ce ga hannuna nan, Yaya, ki duba. Amma layi bakwai ɗin nan sun ci mini kwana arba'in. A inuwar dabino nake yi lokacin hutun azahar, littafi a kan gwiwa. In rubuta, in ga layi ya gangara, in yage. In sake, wani harafi ya fi 'yan'uwansa tsawo, in yage. Maiɗakina takan tsinci yagaggun a aljihuna idan za ta yi wanki.

Ta ce, "Malam, wannan fa ba ta da laifi. Yaya ba da igiya za ta auna layin ba."

Na ce, "Shekara kusan talatin tana jira. Ba zan aika mata da karkatacce ba."

Alhajin garinmu na wannan shekarar ya iso Madina bayan an sauko daga Arfa, ya sauka a wani gida a Anbariyya. Kwana takwas zai yi. Na je gaishe shi ranar farko, ya ce idon Yaya ya ƙara ja baya, amma tana gane mutum idan ya tsaya a haske, har tana tsince wake. Ya tambayi takarda, na ce gobe. Ranar huɗu ya sake tambaya, na ce saura kaɗan. Sai ranar takwas da azahar na gama wadda raina ya kwanta da ita. Motarsu kuwa za ta tashi zuwa Jidda da an idar da magariba.

Na tsaya ina tunanin inda zan sa ta. Aljihu ba ya tsira a bas, takarda takan fito a jiƙe a cukurkuɗe. Sai na tuna mahaifinmu. Duk tafiyar da muka yi ta Chadi da Sudan, takardun hanyarmu a cikin hularsa suka zo, ba wadda ta yi ko datti. Na naɗe takardar a leda, na shimfiɗa ta a cikin hula, na danna a kaina. Mai gona ya ba ni kwali guda na dabinon ajwa saboda Yaya, na ɗaure shi da igiya na rungume.

Ban taɓa ganin titin Ƙuba kamar ranar ba. Baƙi sun cika ko'ina, ƙabila-ƙabila, kowace da jagoranta yana ɗaga hannu. Badamagare yana wurin, ya dubi kwalin ya ce, "Yau kuma hijira za ka yi?" Na gaya masa. Bai yi tsiya ba, ya ce, "To mu tsaya gaba-gaba."

Mota ta farko ba ta ko rage gudu ba. Ta biyu mutum biyu ta ɗauka. Ta uku muka kai bakin ƙofa aka turo mu baya. Rana ta yi ja. Ina ta sauya kwalin daga wannan hannu zuwa wancan. Sai ga ta huɗu, ta direbanmu, wasu suna sauka. Na hangi kujera ta taga.

Sai da na ji iska a tsakiyar kaina na san abin da hannuna ya yi.

Na yi ƙofa. Ban taɓa ture mutum ba irin ranar. Na sa ƙafa ɗaya a matakala, amma kwalin ya tokare, ya ƙi shiga tsakanin ƙofa da bayan wani ƙato. Wata tsohuwa baƙuwa ta maƙale a ƙarƙashin hannuna tana salati, numfashinta yana sama. Na ja baya don ta samu ta fita. Jan bayan nan ke nan. Mutum uku suka cike wurin, mota ta ja.

Badamagare ya fizge kwalin ya ce, "Bi ta! Bi ta, Bakano!"

Na bi ta da gudu ina kiran direba, ina dukan iska. Takalmina ɗaya ya fita ban tsaya ba. Na ga bayanta yana ƙanƙancewa har ta sha kwana. Na dawo ina haki, kai babu hula, ƙafa ɗaya babu takalmi, mutane suna kallo.

Yadda muka shiga ta biyar, Badamagare ne ya sani. Kwalin ya ɗora a ka yana ihu da Larabcinsa mai gargada cewa a ba da hanya, amana ce za ta wuce. Ni dai na tsinci kaina a ciki, fuskata a manne da gilashi. Duk tsawon hanyar ina cewa a raina tana nan, 'yan gari ba sa taɓa hular mutum, tana nan a kan kujera. Kowace tsayawa kamar a cire mini haƙori.

A inda motoci suke juyawa kusa da Harami muka tarar da direbanmu yana shirin komawa. Na shiga na duba kujera, na duba ƙarƙashinta, na bi layi-layi da rarrafe. Bawon lemo, ƙwallon dabino, ba hula. Direba ya saurare ni, sannan ya ba ni amsa da Larabci. Ya ce ya gani ta madubi. Wani dattijo ne cikin baƙi, bai san al'adar ba. Ya ga hula ta faɗo, ya ga mai ita yana gudu a baya, sai tausayi ya kama shi, ya ɗauka ya jefo mini ita ta taga. Amma lokacin mota ta riga ta sha kwana, ta yi nisa. Ya ce wajen wasu gonaki ne, bai riƙe daidai ina ba.

Na tsaya ina kallon sa. Sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Sannu, Baba." Ranar kaɗai na taɓa jin Hausa a bakinsa.

Aka kira magariba. In na koma baya neman hula, motar Alhaji ta tafi ke nan har da dabinon ma bai samu ba. Muka yi salla a sahun da ya fito har titi, muna sallamewa muka kama hanyar Anbariyya da sassarfa, ni ina ɗingishi a kan kwalta mai zafi. Mun tarar an gama ɗaure kaya a saman mota, Alhaji yana bakin taga yana leƙe.

Na miƙa masa kwalin, na gaya masa abin da ya faru a taƙaice. Ya yi salati. Sai ya laluba aljihu ya zaro biro, ya miƙo mini tare da kwalin.

"Rubuta a jikin nan. Ai hannunka ta ce."

Badamagare ya ce, "Rubuta mana. Ko sunanka ne. Ga bayana, ɗora a kai." Har ya duƙa.

Na riƙe biron. Yatsuna suna danƙo da zaƙin dabino. Direbansu yana ta danna oda. Na dubi kwalin, duk ya lotse, igiya ta ratsa shi. Na tuna wadda take kwance a wani wuri a gefen titi, layinta bakwai a miƙe kamar an ja da zare. Na san abin da zai fito daga hannuna a wannan tsayuwa jagwalgwalo ne.

Na ce, "A'a, Alhaji. Ka ce mata na iya, ka gani da idonka na riƙe alƙalami. Baɗi in Allah ya kai mu zan aiko mata da shafi guda cur."

"Kai dai rubuta, malam."

"Baɗi," na ce, na mayar masa da bironsa.

Badamagare ya miƙe. Mota ta tashi. Mun wuce tsohuwar tasha a hanyar komawa, ranar bai ce in gai da kowa ba.

Kwana uku ina bin titin Ƙuba bayan asuba, daga kwanar har cikin gari, ina duba lambatu da gindin katanga, ina ɗaga kowace leda da sanda. Na tambayi masu shara. Na tambayi wani mai shayi da yake wajen gonakin. Ba wanda ya gani. Ko takalmin ban samu ba.

Na ci gaba da zuwa aji. Na sayi wata hula, ita ma ta sha jifa. Hannuna ya faɗa sosai a wannan shekarar, har malam yakan sa ni rubutu a allo. Tun watan azumi na gama takardar Yaya, shafi guda cike, na ajiye ta a tsakiyar littafi. Da alhazai suka iso ban jira ba, ban hau bas ba ma, da ƙafa na tako daga Ranuna ranar da wani mutumin garinmu ya sauka. Na ba shi a hannu.

Ya karɓa, ya juya ta. Sannan ya ce idon Yaya ya rufe tun kafin faɗuwar damina. Ya ce bara da aka kai mata dabino, Alhaji ya ba ta labari duka, har da biron. Ta sa aka juye dabinon a ƙwarya, ta ɗauki kwalin ta fita da shi bakin ƙofa inda haske yake, ta jujjuya shi ta kowane gefe, har ƙasansa. Sannan ta ce a ajiye mata shi kusa da kwallarta. Ya ce zai kai wannan ɗin, za a karanta mata, za ta shafa.

Abin da na rasa a wannan yammaci, ga shi. Hula ɗaya. Takalmi wari ɗaya. Darasi ɗaya. Takarda mai layi bakwai. Da wata biyar da Yaya ta yi tana gani bayan kwalin ya isa hannunta.